Alƙalamin Bature, bakin tafinta: wa ya rubuta mutanen ƙasar Kaduna?

Matafiyin da ya taso daga Zariya ya nufi Kaduna, kafin ya kai Kawo sai ya ratsa Rigachikun. Yau mutane da yawa suna ɗaukar garin tamkar zauren birni, wurin da motoci ke rage gudu a gaban harabar Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa sannan su wuce. Amma tun kafin Turawa su kwaso hedkwatar Arewa daga Zungeru su dawo da ita Kaduna a 1917, sunan Rigachikun yana cikin takardunsu. Ta nan layin dogo na Baro zuwa Kano ya ratsa, daga nan kuma aka fasa hanyar da ke ɗaukar kaya da ma'aikata zuwa ma'adinan kuza na Filato, kafin a gina ƙaramin layin jirgi daga Zariya.

Ta irin waɗannan hanyoyi ne jami'an mulki suka riƙa kutsawa cikin ƙasa, kowanne da littafin rubutu a aljihu. Aikin da aka aiko su shi ne ƙiyasin haraji. To, ba a aza wa mutum haraji sai an san abin da ya mallaka da wanda yake jin maganarsa, don haka suka ƙirga bukkoki da rumbuna da awaki, suka tambayi yadda ake aure da rabon gado da binne gawa, da abin da ake bauta wa, da wanda ake kai wa gaisuwa. Rahotannin suna nan jibge a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga Rigachikun. Takardun sun tsufa sun yi ja, amma har yau suna aiki. Da wuya rikicin sarauta ko na iyakar gona ya tashi a jihar ba a sami wanda ya je ya kwafo shafi biyu na wani Bature da ya kwana uku a ƙauye shekara ɗari da suka wuce ba, ya ajiye su gaban kwamitin bincike yana cewa ga hujjar da ba ta da amsa.

Wannan ɗabi'a ta cancanci a ja da ita. Ilimin nazarin ɗan Adam da al'adunsa, wanda Turawa ke kira antropoloji, a bayan bindiga ya shigo ƙasar nan. Mutanen da aka rubuta ba a nemi yardarsu ba, ba a karanta musu abin da aka rubuta ba, sau da yawa ko sunan da suke kiran kansu da shi ba a yi amfani da shi ba. Wannan rabin zancen yana da daɗin ji ga kowane ɗan Arewa, tunda laifin na baƙo ne. Ɗaya rabin shi ne mai ɗaci. Baturen ba ya jin Gbagyi, ba ya jin Tyap, ba ya jin Jju. Da bakin Bahaushe ya yi tambaya, da kunnen Bahaushe ya ji amsa, kuma abin da ya shiga littafinsa ya riga ya bi ta cikin raini iri biyu kafin tawada ta bushe.

A ɗauki Manjo A.J.N. Tremearne. Haifaffen Ostireliya ne, ya yi yaƙi a Afirka ta Kudu, sannan ya zo Arewacin Najeriya aka ajiye shi a Jama'ar Daroro, a kudancin jihar Kaduna ta yau. Daga nan ya riƙa fita sintiri da sojoji zuwa duwatsun Kagoro da maƙwabtansu, inda mutane suka ƙi miƙa wuya ga haraji. Ya yi karatun antropoloji a Kambirij, kuma a 1912 ya fitar da littafi mai suna The Tailed Head-Hunters of Nigeria, wato masu jela, masu farautar kawunan mutane. Jelar da ake magana wani ado ne da matan aure na yankin ke ɗaurawa a ƙugu ta baya, alamar cewa mace tana da miji, daidai da zoben da ke yatsar matar aure a Landan. Marubucin ya san haka sarai, ya ma bayyana shi a ciki. Sai dai sunan da ke bango shi ke sayar da littafi, kuma mai saye ya koma gida da hoton wasu mutane da ba su gama rabuwa da dabba ba. Batun kawuna kuwa ba ƙarya ba ne: a wasu al'ummun duwatsun, jarumi kan dawo daga yaƙi da kan abokin gaba. Abin da bangon bai faɗa ba shi ne abin da ya hau da mutanen nan kan dutse tun farko, wato ƙarni guda na hare-haren neman bayi daga Zazzau da Jama'a, da kuma cewa shi kansa mai ba da labarin da bindigogi ya zo musu. A 1915 Tremearne ya mutu a fagen Loos da ke Faransa, cikin wani gumurzu da ya laƙume dubban rayuka a 'yan kwanaki. Babu wanda ya rubuta littafi ya kira wannan al'adar ƙabilun Turai.

Tremearne ba mahaukaci ba ne, ɗan zamaninsa ne, kuma zamanin yana da tsani a kansa. Bayan Charles Darwin ya fitar da littafinsa kan asalin nau'o'in halittu a 1859, masana al'ada suka ɗauki ra'ayin juyin halitta suka shimfiɗa shi a kan al'ummu. Lewis Henry Morgan na Amurka ya tsara a 1877 cewa kowace al'umma tana hawa matakai uku, daga zaman daji, zuwa zaman jahilci, zuwa wayewa, kuma ba sai an faɗi wanda ya sami kansa a matakin ƙarshe ba. Shi ma Darwin bai kuɓuta daga wannan tunani ba a rubuce-rubucensa kan ɗan Adam. Aka ƙara da wata tatsuniya, wadda C.G. Seligman ya yi wa riga ta ilimi a 1930, cewa duk wani abin kirki da aka tarar a Afirka, sarauta ko birni ko ƙira, wasu baƙi masu hasken fata ne da ake kira Hamawa suka kawo shi daga arewa maso gabas. Da aka kafa wannan tsani a Arewacin Najeriya sai ya zauna daram: Fulanin sarauta a sama, saboda siririn hanci da rubutu da addini, Hausawa a tsakiya, sauran jama'a kuma, waɗanda suka fi ɗari a yawan harsuna, aka tattara su a ƙasa da kalma ɗaya. Lugard ya gina hujjar mulkinsa ta hannun sarakuna a kan wannan jeri, ya kuma bayyana shi ba ɓoye-ɓoye a littafinsa na 1922.

Daga nan ilimin ya zama ma'aikacin gwamnati mai albashi. Olive Temple ta tattara rahotannin jami'ai ta fitar da su a 1919 a matsayin kundin ƙabilun Arewa, mijinta C.L. Temple, tsohon mataimakin gwamna, ya duba mata. C.K. Meek, wanda ya kula da ƙidayar 1921 a Arewa, ya juya bayanan ƙidayar suka zama littafi mai juzu'i biyu a 1925, aka kuma naɗa shi masanin antropoloji na gwamnati. A littafinsa na 1931 kan Jukunawa, ya wahalar da kansa yana neman asalin sarautarsu a Masar ta Fir'auna, domin tsanin da ke kansa bai yarda mutanen bakin Binuwai su ƙirƙiro ta da kansu ba. H.R. Palmer ma haka ya yi ta jawo asalin kowa daga gabas. Bayan matan ƙasar Ibo sun yi bore a 1929 saboda jita-jitar haraji, gwamnati ta tura Meek can ya binciko mata yadda mutanen suke. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Meek mutum ne mai himma, ya tara kalmomi da bayanai da ba don shi ba da wasu sun ɓace. Amma wanda ke biyansa shi ke zaɓar tambayar, kuma tambayar kullum ita ce ta yaya za a mallaki mutanen nan cikin sauƙi.

Yanzu sai a duba wanda ke tsaye kusa da Baturen. Akwai tafinta, akwai masinja, akwai ɗan sandan da ya riƙe doki, akwai malamin haraji, akwai jakadan hakimi. Kusan dukkansu da Hausa suke aiki, kuma da yawansu daga fadar da ta daɗe tana karɓar gandu ko bayi daga ƙauyen suka fito. Idan Bature ya ce su wane ne waɗannan, tafinta ne ke amsawa, da sunan da aka san su da shi a kasuwar Zariya. Ta haka Gbagyi suka shiga littafi a matsayin Gwari, Adara suka zama Kadara, Bajju suka zama Kaje, Atyap suka zama Katab, Ham suka zama Jaba, Agworok suka zama Kagoro. Wani zai ce suna ne kawai, ai kowace al'umma tana da yadda take kiran maƙwabta. Haka ne, amma a saurari abin da Hausa ta yi da sunan. Wanda ya kasa iya magana an ce yana gwaranci. Wanda bai san gari ba an ce bagwari ne. Wanda ake so a yi wa bayani kamar yaro an ce a yi masa gwari-gwari. Kalmar ƙabila, wadda a asalinta ta shafi kowa, ta koma a bakin Bahaushe sunan duk wanda ba shi ba. Kalmar da Turawa suka yi amfani da ita wajen tattara mutanen ƙasan tsani fassarar arna ce, kuma arna ta riga Lugard zuwa. Laifi tudu ne. Wanda ya ji haushin Tremearne saboda jelar da ya ɗora wa mata, ya kamata ya ɗan saurari harshensa kafin ya ci gaba da zagi.

Masanin tarihi Moses Ochonu ya yi littafi a 2014 kan yadda Turawa suka mallaki yankin tsakiyar Najeriya ta hannun wakilan Hausa da Fulani, har a wuraren da Daular Usmaniyya ba ta taɓa cin su da yaƙi ba. Ana iya jayayya da wasu hukunce-hukuncensa, amma ginshiƙin zancen yana cikin fayilolin Kaduna ga mai son gani. Rahoto ya ce mutanen nan ba su kai su riƙe kansu ba, sai a ɗora musu hakimi daga waje. Hakimin ya aiko da labari cewa ba su da biyayya, sai labarin ya zama rahoto na gaba. Ba za a ce littattafan antropoloji ne suka kashe mutane a Kafanchan a 1987, ko a Zangon Katab a 1992, ko a cikin Kaduna a 2000 ba. Gona da kasuwa da sarauta da siyasa ne suka hura wutar. Amma lokacin da rikicin Zangon Katab ya tashi a kan mayar da kasuwa wani wuri, gardamar ta koma kan wa ya fara zama a nan, kuma kowane ɓangare yana da nasa shafin da zai nuna. Tun daga 2000 kogin Kaduna ya zama iyaka a cikin birni guda, mutane suka sayar da gidaje suka ƙaura zuwa ɓangaren da ake salla ko addu'a irin tasu, garuruwan arewa da kogi irin su Rigachikun suka cika da wasu, Sabon Tasha da Narayi suka cika da wasu. Taswirar ƙabilu da aka zana a ofis, mai layi tsaf tsakanin wannan da wancan, wadda a da ƙarya ce, mutane sun mai da ita gaskiya da hannunsu.

Shi kansa Bahaushe bai tsira daga alƙalamin ba. Tremearne ɗin nan ya bi Hausawan Tunis da Tarabulus ya rubuta littafi kan bori a 1914. Tun kafin shi akwai Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da aka kama bawa, wanda Heinrich Barth ya tafi da shi Ingila a 1855. Daga bakinsa J.F. Schön ya ɗebi labarai da kalmomin da ya gina nahawu da ƙamus da littafin Magana Hausa na 1885. Schön ya sami lambar yabo daga Faransa da digirin girmamawa daga Okasfod. Dorugu ya dawo ya ƙare rayuwarsa yana aikin tafinta da koyarwa. Tatsuniyoyin da Frank Edgar ya buga daga 1911 zuwa 1913 malamai ne suka rubuta su da ajami, kuma mai karatu na yau ya san Edgar bai san malaman ba. Mafi kyawun misali, kuma mafi wuyar yanke hukunci, shi ne na Baba ta Karo. Mary Smith, matar M.G. Smith wanda ya rubuta tarihin mulkin Zazzau, ta zauna da wannan tsohuwa a Giwa daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950, ta rubuta maganarta da Hausa kamar yadda ta fito, ta sauya sunayen mutane don ta rufa musu asiri. Aiki ne na mutunci, kuma babu wani littafi da ya kai shi nuna rayuwar matan Hausa kafin zuwan Turawa da bayansa. Duk da haka Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito a Landan a 1954 da Turanci, harshen da jikokin maƙwabtanta mata ba sa karantawa, kuma sunan da ke wurin marubuci ba nata ba ne. Idan mafi adalcin masu binciken ya bar wannan bashi, sai a auna na sauran.

Akwai masu cewa a watsar da littattafan gaba ɗaya, tunda na 'yan mulkin mallaka ne. Wannan ragwanci ne da aka yi wa rawani. A cikin shafukan nan akwai jerin sarakuna da sunayen ƙauyukan da suka tashi, da kalmomin harsunan da yau tsofaffi kaɗan ne ke jin su, kuma jikokin waɗanda aka rubuta sun fi kowa haƙƙin gani. Abin da ake bukata shi ne a karanta su yadda alƙali ke sauraron shaidar da ya san yana da hannu a shari'ar: wa ya faɗa wa Baturen, da wane harshe, a gaban wa, kuma me mai maganar ke tsoro ko yake nema a ranar? Dattijon da aka tambaya yawan mutanen gidansa, yana ganin malamin haraji a zaune, ba wauta ce za ta sa ya rage ba. Wannan karatu shi ne abin da Abdullahi Smith ya fara a Zariya, wanda ya kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970, da ɗalibinsa Yusufu Bala Usman, wanda a aikinsa kan Katsina ya nuna cewa tarihin ƙasar nan ba kokawar jinsuna ba ce, kuma al'ummu abubuwa ne da ke haɗuwa suna rabuwa cikin zamani. Shekara hamsin ke nan da aka rushe tatsuniyar Hamawa a ɗakin karatu, amma har gobe tana yawo a Facebook, wani lokaci a bakin mai alfahari da cewa kakanninsa daga gabas suka zo, wani lokaci a bakin mai cewa to su koma can.

Shi kuwa tsanin, ilimin da aka ce ya kafa shi ne ya kayar da shi. Mai karatun da bai yarda da Darwin ba saboda aƙidarsa ba sai ya sauya ra'ayi kafin ya ga wannan ba: ko a ma'aunin masu ra'ayin juyin halitta, babu wata al'umma mai rai da take kakar wata ko matakin baya gare ta. Mafi tsufan ƙasusuwan da masana ke dangantawa da irin mutanen yau an same su a Jebel Irhoud ta Maroko, an ƙiyasta musu shekara kusan 300,000. Ƙoƙon kan da ake kira Tumai, wanda aka ce ya kai shekara miliyan 7, a hamadar Chadi aka tono shi a 2001. Ɗan Chadi ne, Ahounta Djimdoumalbaye, ya fara ganinsa, ko da yake sunan Bafaranshe Michel Brunet ne ya zagaya duniya, abin da ke nuna cewa labarin Dorugu bai ƙare ba. Nazarin ƙwayoyin gado ya nuna cewa bambancin da ke tsakanin mutanen Afirka ya fi na kowace nahiya yawa, kuma tun 1972 Richard Lewontin ya lissafa cewa kimanin kashi 85 cikin ɗari na bambancin gado tsakanin 'yan Adam yana cikin kowace al'umma ne, tsakanin mutum da maƙwabcinsa. Ƙasar da Tremearne ya yi wa sintiri ma ta ba da tata amsar. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani kan mutum-mutumi na gasasshen yumɓu kusa da ƙauyen Nok a ƙasar Ham. A 1943 aka kawo wa Bernard Fagg wani daga wajen Jama'a, wanda aka ce an daɗe ana korar tsuntsaye da shi a gona. Bincike ya nuna cewa mutanen da suka yi su sun rayu a nan tun fiye da shekara 2,500, suna kuma narka ƙarfe. Hamawan da za a jingina wa aikin ba a same su ba.

To amma su ma gumakan Nok ɗin suka bi hanyar labaran. A shekarun 1990 aka yi ta haƙe su ana fitarwa ta ɓarauniyar hanya. A 2000 wasu suka bayyana a gidan tarihi na Louvre a Faris, kuma bayan surutu aka daidaita a 2002 cewa na Najeriya ne, amma za su zauna a Faransa aro na shekara 25, wa'adin da ake iya sabuntawa. Masanan Jami'ar Frankfurt da suka fara haƙa a yankin a 2005 da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa sun ƙara ilimi ƙwarai, sai dai babban baje kolin abin da suka samu a Jamus aka fara yin sa a 2013, kuma masana a Najeriya sun yi ƙorafi a kan haka. Izini daga Abuja abu ɗaya ne, yardar manomin da aka tona gonarsa wani abu ne daban.

A nan ne tsohon zance ya haɗu da na yau, domin mai bincike na zamani ya rage tambayar yadda ake binne gawa, ya koma neman jini da yawu. Kanawa ba sa bukatar a yi musu bayanin haɗarin. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kusan 200 a Kano, rabi aka ba su sabon maganin, rabi wani daban. 11 suka mutu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya dage cewa cutar ce ta yi ɓarnar kuma ya nemi yardar iyaye da baki, iyayen suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, sannan aka bukaci masu neman diyya su ba da yawunsu a gwada don a tabbatar su ne. Da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, duniya ta kira abin jahilci, yara kuma suka shanye a banza. Amma ruwa ba ya tsami banza. A Amurka, ƙabilar Havasupai ta ba da jini don a binciki ciwon sukari, sai daga baya suka gano an yi amfani da shi wajen binciken taɓin hankali da auren dangi da asalinsu. A 2010 Jami'ar Jihar Arizona ta biya dala 700,000 ta mayar musu da jinin. A 2017 mutanen San na Afirka ta Kudu, waɗanda aka fi kowa ɗiba da aunawa, suka rubuta nasu ƙa'idojin, suka ce duk mai son bincikensu sai ya bi ta ƙofarsu, ya faɗi gaskiyar abin da yake nema, ya kuma dawo musu da sakamako. Ana nazarin ƙwayoyin gadon Fulani saboda juriyarsu ga zazzaɓin cizon sauro da iya shan madara, bincike ne mai amfani. Amma a ƙasar da ake kashe mutum don an ce baƙo ne, jimla ɗaya game da asalin kakanni da ta fito daga mujallar kimiyya ta faɗa hannun 'yan siyasa tana iya zama makami, kuma makiyayin da aka ɗebi jininsa a ruga ba a gaya masa wannan ba.

Najeriya tana da kundin ƙa'idojin binciken lafiya tun 2007, jami'o'i kuma suna da kwamitocinsu. Abin da ke faruwa a ƙauye dabam ne. Mai bincike, wanda yau galibi ɗan ƙasa ne, ɗalibin digiri ko ma'aikacin ƙungiyar agaji, yakan fara da gidan hakimi ko dagaci, ya yi gaisuwa, a haɗa shi da ɗan rakiya. Daga nan duk wanda aka kira ya zo, domin ba a ƙin kiran mai gari. A miƙa masa takarda da Turanci ya dangwala yatsa, a rubuta cewa ya amince. Wannan hanya ita ce ta Meek ba ragi, sai dai an sauya launin fatar mai tambaya. Almajirai da 'yan gudun hijira da matan ruga su ne arnan wannan zamani a wajen masu bincike: kowa na iya ɗaukar hotonsu, kowa na iya ƙirga su, rahoton ya tafi Abuja ko Landan, su kuma ba su taɓa jin abin da aka ce sun ce ba. Yardar da ta cancanci sunan tana nufin a yi wa mutum bayani da harshensa, a wurin da zai iya cewa a'a ba tare da labarin ya kai fada ba, a gaya masa inda maganarsa ko jininsa zai je da wanda zai riƙe shi, sannan a dawo a karanta masa kafin a buga. Duk wanda ya ce wannan ya yi tsada, yana nufin binciken nasa yana da arha ne saboda wani yana biya.

Sai dai akwai rami a gaba, kuma masu goyon bayan wannan magana su suka fi faɗawa ciki. A duniya ana magana da yaren haƙƙin 'yan asalin ƙasa, wanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi wa sanarwa a 2007, Najeriya kuma ta ƙaurace wa ƙuri'ar. An tsara yaren ne don wurare irin su Amurka da Ostireliya, inda baƙi daga ƙetaren teku suka mamaye ƙasa. Da ya sauka a Kaduna sai ya tarar da takardar shaidar ɗan asali, wadda da ita ake raba gurbin makaranta da aikin gwamnati, da ita kuma ake gaya wa mutumin da aka haifi kakansa a gari cewa shi baƙo ne. Haƙƙin Gbagyi na a kira su da sunansu, su kuma faɗi tarihinsu da bakinsu, haƙƙi ne cikakke. Bai zama izinin a ce Bahaushen Zango ko Bafulatanin ruga ba shi da nasa labarin a ƙasar ba, kamar yadda tsufan ganuwar Turunku, a ƙaramar hukumar da Rigachikun take, bai soke zaman kowa ba. Kuma idan aka ce a nemi izinin al'umma, sai a tambaya wa ke magana da sunanta, domin ƙungiyar ci gaban ƙabila da ke birni tana iya toshe bakin mata da talakawa da marasa rinjaye kamar yadda hakimi ya yi.

Abin da za a iya yi ba ya bukatar jiran Turai. Northcote Thomas, masanin antropoloji na farko da gwamnatin mallaka ta ɗauka, ya yi aiki a ƙasashen Edo da Ibo daga 1909 zuwa 1913, ya bar dubban hotuna da muryoyi. A 'yan shekarun nan wasu masana suka kwafi kayan suka kai su garuruwan da aka ɗauke su, mutane suka ga fuskokin kakanninsu, suka gyara sunaye, suka ƙaryata abin da ke ƙarya. Fayilolin Kaduna suna jiran irin wannan. A fassara rahoton kowace gunduma zuwa Hausa da Gbagyi da Tyap da Jju, a karanta shi a gaban jikokin waɗanda aka rubuta, har da na tafintan, a rubuta amsarsu a liƙa ta kusa da ta Baturen, domin duk kwamitin da aka kawo wa shafi biyu ya tarar da na uku a manne. Gidan Arewa da Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Jihar Kaduna suna da mutanen da za su iya. Cibiyar da ke Rigachikun kuwa, wadda tun shekarun 1970 take horar da malaman firamare na ƙasar nan, tana da nata aikin a kusa. Har yanzu ana sa yara su haddace Hausa bakwai da banza bakwai, Gwari kuma tana cikin jeri na biyu, a azuzuwan da 'ya'yan Gbagyi ke zaune suna maimaitawa tare da kowa.